Ruwan da Inna Ba Ta Surka Ba

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son a kira ni, sai ta ce da wanda ke kusa, "Ku ce wa waccan ta zo ta ɗauke kwanonta." Idan kuwa babu kowa, sai ta yi gyaran murya ta yi magana da bango, ni kuma na san da ni ake. A ƙauyenmu, can cikin gonakin da ke bayan Minjibir, wannan ba abin tsegumi ba ne. Kunya ce, har yabon mace ake yi da ita. Ana yaye ni Gwaggo, yayar babanmu, ta ɗauke ni. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu, amma a wurinta na girma. Ita ta yi mini kitso, ita ta sa ni a makaranta, ita ta yi mini wankan jego a duk haihuwar da na yi. Inna kuwa ko hannuna ban tuna ranar da ta riƙe ba.

Abin haushin shi ne, duk yankinmu babu wadda ta kai Inna iya wankan jego. Daga ƙauyuka ake zuwa biɗarta. Za ta ɗora rabin ganga a kan murhu tun da sassafe, ruwa ya tafasa har ya riƙa tsalle, ta ɗaure ganyen darbejiya, ta zaunar da mai jego a kan turmi a kife, ta riƙa tsomawa tana fyaɗa mata. Bayan ganye sai tawul: ta tsoma, ta matse, ta danna a ciki da ƙugu da duk inda jini ya kwanta. Hannunta ya riga ya mutu da zafi. Na sha ganinta ta ɗauki garwashi da yatsu ta kai wani murhun tana hira. Don haka ba da hannu take auna ruwa ba, da muryar mai jego take aunawa. Idan mace ta kurma ihu, sai Inna ta ɗebo ruwan sanyi ta surka, tana tsiya: "Raguwa kawai, wa ya aike ki haihuwa?" Idan mace ta yi shiru, to ruwa bai yi ba, a ƙara wuta. Ina yarinya nakan leƙa ta kan katangar Gwaggo in ga tana tallafe da 'ya'yan wasu, tana shafa musu baya, ni kuwa kishi kamar ya kashe ni.

Ciwon ya same ni ne a shekarun nan da hatsi ya gagari mai gona. Takin zamani ya fi ƙarfin kowa, gonakinmu kuma ƙanana ne, manne da juna, an noma su tun kaka da kakanni har sun gaji. Kafin damina ta raba, rumbuna sun koma wurin kwanan kaji. Gidaje da yawa kwaɗon rama da tafasa ake ci a sha ruwa a gode wa Allah. A lokacin Gwaggo ta riga ta rasu. Ni kuma ina koyarwa a firamaren garinmu, na yaye autana ke nan, sai na ji wani ƙullutu a nonona na hagu. Na ce daskararren nono ne. Makwabta suka ce haka ne. Aka kawo na shafawa, aka kawo na sha, aka kawo na hayaƙi. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara kula da lafiyar jiki, babu wanda ban gwada ba. Sai da abin ya fashe ya fara wari, har yara suka daina rububin zama a benci na gaba, sannan Malam, maigidana, ya sayar da shanun huɗarsa ya kai ni birni.

A babban asibiti aka gaya mana sunansa. Mu daji muke cewa, su suka ce sankarar mama. Aka ce cirewa za a yi gaba ɗaya. Ban yi kuka a wurin ba, don na gaji da abin har na tsane shi. Likitoci biyu ne a kaina: mai cirewa, da wani siriri mai sanyin magana wanda aikinsa gyara ne. Shi wannan na biyun ya sa na juya masa baya, ya zana wani abu mai kama da ganyen mangwaro a ƙasan kafaɗata da alƙalami, sannan ya zauna ya yi mana bayani.

"Malama, idan aka cire, wurin zai yi faɗin da fatarki ba za ta haɗu ba," in ji shi. "Za mu yanko fata da tsoka daga bayanki, amma ba za mu tsinke jijiyar da ke kai musu jini ba. Za mu zagayo da su ta ƙarƙashin hammata mu rufe ramin, mu ɗan tayar da wurin yadda zai yi tudu."

Malam ya juya hula a hannu, ya ce, "Wato dashe ke nan, likita. A ciro shi da saiwarsa."

"Dashe ne, Malam. Sai dai wannan sau ɗaya ake yin sa. Idan bai kama ba, babu wani irin a wannan gefen. Kuma sai ya warke sarai sannan za a fara sa mata ruwan maganin da zai bi sauran cutar a jiki. Duk ranar da aka ɓata, cutar aka ba."

Aka yi aikin. Na farka da ciwo gaba da baya, da robobi suna tsiyayar da ruwa daga jikina, na rasa gefen da zan kwanta. Nas-nas suna zuwa a kai a kai su ɗaga bandeji, su taɓa wurin da bayan hannu su ji ko da ɗumi, su danna da yatsa su ga ko jini na dawowa. Ranar da na samu ƙarfin halin dubawa, na sunkuyar da kai na ga abin da aka yi mini. Ba nono ba ne irin wanda Allah ya halitta. Ba shi da kai, bai kai ɗan'uwansa girma ba, ɗinki ya zagaye shi. A tsakiyarsa kuma ga wasu 'yan layuka ƙanana a jere. Na daɗe ina kallonsu kafin na gane: tsagar ƙahon da wanzami ya yi mini ce a baya tun ina budurwa. Ban taɓa ganinta ba sai ranar, a ƙirjina. Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni, matar gadon kusa da ni ta zaci taɓuwa na yi.

Ba zan ɓoye ba, na so abin nan. Na so shi fiye da yadda na so wanda aka cire. Idan na sa riga na zura hijabi, babu mai cewa an taɓa ni. Na riƙa hango kaina na koma aji, na ɗaga hannu ina rubutu a allo, ba mai kallon ƙirjina da tausayi. Ranar da likitan gyara ya ce da Malam, "Dashenka ya kama," sai da Malam ya fita waje ya share ido.

Da za a sallame mu, an ja mini kunne sosai. Kada in yi daka, kada in ɗauki tulu, kada in goya yaro, kada in kwanta ta gefen, kada a shafa maganin gargajiya ko na wane ne. Bayan an cire zare aka ce ina iya wanka. An faɗi komai ban da ruwan zafi. Ba na jin ya zo a ran kowa a cikinsu, ni ma ban tambaya ba, don wa yake tambaya a kan ruwan zafi?

Kamar yadda ake yi wa mai jego, gidanmu aka kai ni jinya. Da Gwaggo na raye da ɗakinta zan sauka. Tunda ba ta, sai aka shimfiɗa mini katifa a ɗakin Inna. Ƙanwata, autarmu, da ke aure a wajen Tofa, ta zo da tsohon ciki ta zauna da mu. Ita ce ta zama bangon da Inna ke magana da shi. "Tambayi waccan ko za ta sha kunu." "Ce mata ta ja mayafi." Ni ina kwance taku biyu daga inda take.

Lokacin marka ce. Ruwa ba ya ɗaukewa, ɗaki ya yi danshi, tabarma ta yi sanyi, kafaɗata ta riƙe kamar an ɗaure ta da igiya. Wata rana da hantsi ina canza riga na ce da Auta, "Kin san wani abu? Wurin nan ba ya ji. Duba." Na mintsini fatar da farce har ta yi shaida. Ko a jikina. Auta ta zaro ido ta ce in bari.

Inna na bakin ƙofa tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Naman da ba ya ji, sanyi ne ya kwanta a cikinsa. An yanka mutum an ɗinke an sallamo shi cikin marka, ba a gasa ba. Ina zai ji?"

Maganar ta shige ni. Ta shigi duk matar da ta zo dubiya a ranar. Kowacce ta kawo labarin wadda ƙafarta ta mutu aka gasa ta tashi, da wadda aka ƙi gasawa ta shanye. Kuma an ce kada a shafa magani ne, ruwa kuwa ai ba magani ba ne. Ni kaina haihuwa nawa na yi, kuma duk ruwan zafi ne ya mayar mini da jikina. Da wani ya zo a ranar ya ce kada a gasa, da na ce bai san jikin mace ba.

Itace a garinmu ba abin wasa ba ne. Babu daji kusa da mu, kowace bishiya da mai ita, kara da kashin shanu muke girki da su, su ma marka ta jiƙa su. Amma Inna tana da busasshen itacen tsamiya da ta jera a ƙarƙashin rumbu ta rufe da buhu, tun rani take tara shi saboda jegon Auta. Ko tuwo ya ƙi nuna ba ta yarda a zari ɗaya. Washegari da safe na ji ana jan itacen nan. Na ji ƙarar ganga a kan duwatsun murhu. Auta ta leƙa ta dawo ta ce, "Yaya, itacena ake ƙona miki. Saura ki ce ba a son ki."

Can sai inuwar Inna ta tare ƙofa. Ta tsaya, ta yi gyaran murya irin wadda ta saba. Na jira in ji abin da za a ce da bango.

"Ke," in ji ta. "Taso."

Ni da na aurar da 'ya, na ji gabana ya faɗi kamar an kira ni gaban hedimasta. Na bi ta makewayi. Ga turmi a kife, ga ganga tana tururi, ga babbar ƙwarya ta surki, ga damin darbejiya. Na zauna. Da hannunta ta kwance mini zani. Ta daɗe tana kallon ƙirjina, ta zagaya ta kalli dogon ɗinkin da ke bayana, ta dawo. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan wurin, a hankali, kamar mai taɓa jariri.

"Sannu," ta ce. "Sun sha aiki a kanki."

Na sunkuyar da kai.

Ta fara da kafaɗa da ƙugu. Ganyen farko da ya sauka a kaina na kurma ihu, ta ce, "Raguwa kawai," ta ɗebo ruwan sanyi ta surka a ƙwarya. Wallahi daɗin zagin nan har yau yana raina. Shekara da shekaru ina jin ana yi wa 'ya'yan wasu ta kan katanga, yau ga shi an yi mini.

Da ta zo kan ƙirji sai ta ajiye ganye ta ɗauki tawul. Inna gwana ce, ba ta aikin ganganci. Ta ninke shi ƙarami, daidai faɗin fatar da aka dasa, don kada ya taɓa bakin ɗinki. Ta tsoma a ƙwarya, ta matse, ta danna.

"Kin ji?"

"A'a."

Ta sake tsomawa ta danna. "Yanzu fa?"

"Ban ji ba, Inna."

Ta girgiza kai. "Sanyin ya yi nisa." Ta ture ƙwaryar surki gefe, ta tura itace cikin wuta, ta tsoma tawul ɗin a cikin gangar kanta. Ta matse da hannuwan nan nata da ba su san zafi ba, ta ɗora, ta danne da tafi, ɗaya hannun kuma ta tallafe bayana. Tururi yana dukan haɓata har ina kawar da fuska. Ɗigo ɗaya ya faɗa mini a cinya na zabura. Amma a inda tawul yake, babu abin da nake ji sai nauyin hannunta can ciki. Kanta na dab da nawa, ina jin ƙamshin hayaƙi da man kaɗe a jikinta. Tana jiran ihuna, ihu bai zo ba, ta ci gaba da riƙewa. Ni kuwa a raina ina roƙon Allah kada ta ɗaga.

Da la'asar aka sake. Washegari wurin ya yi fari-fari, gefensa ya tashi bororo. Na nuna mata, ta duba ta ce, "Alhamdu lillahi, ga sanyin nan yana fitowa." Matan da suka zo dubiya suka ce ga shi kuwa, ruwa ne tsantsa. Aka sake ɗora ganga. A 'yan kwanakin nan Inna ta yi mini magana fiye da duk wadda ta yi mini a rayuwata. Ta ba ni labarin daren da ta haife ni, da yadda Gwaggo ta zo ta ɗauke ni ita kuma ta shiga bayan rumbu don kada a ga idonta. Duk tana faɗa ne tana danne da tawul.

Daga fari wurin ya koma toka-toka, daga nan ya yi baƙi ya ƙandare kamar ƙirgi. Tsagar wanzamin ta ɓace. Zazzaɓi ya rufe ni. Sai kuma warin ya dawo, warin nan da na sani, wanda na zaci na baro shi a birni. Malam ya zo daga gona da yamma, ya yi sallama ya shigo, ya tsaya cak a tsakar ɗaki. Bai tambayi kowa komai ba, ya juya ya tafi neman mota. Da safe da za mu tafi, Inna ta yafa mayafi ta shiga motar ba tare da an ce ta zo ba. Ba ta taɓa taka asibitin birni ba sai ranar.

Likitan gyara ya buɗe ƙirjina. Ya taɓa baƙin wurin da ƙarfe, ya ji tauri, ya ajiye ƙarfen.

"Malama, wannan ƙuna ce. Me aka ɗora a nan?"

Na ce, "Ruwan zafi ne ya zubo mini, likita."

Ya dube ni, ya dubi ƙunar mai kusurwa huɗu, tsaf kamar an auna. Kafin ya yi magana Inna ta taso daga bakin ƙofa inda ta rakuɓe.

"Ba zuba ya yi ba, ɗan nan. Ni ce. Gasawa na yi." Ta matso kusa da gadon. "Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na surka."

Likita ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, "Inna, jijiyar jini muka kawo da fatar nan, ba mu kawo ta ji ba. Ko garwashi kika ɗora mata ba za ta yi ihu ba."

"To da me zan gane?" in ji Inna.

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Mu ya kamata mu faɗa." Inna ba ta ma ji shi ba. Ta buɗe tafukan hannunta tana kallonsu, ta juya bayansu, ta sake juyo cikinsu.

Aka mayar da ni tiyata aka kankare duk abin da ya mutu, kuma kusan duka ne. Ƙunar ta ci fata ta shiga tsoka, ruɓa ta ƙarasa sauran. Aka bar ramin a buɗe ana wankewa kullum, wankin da ko maƙiyina ba na yi wa fatansa. Da ya yi ja aka yanko fata siririya daga cinyata aka shimfiɗa a kai. Ita ce a ƙirjina har yau, a manne da ƙashi, ana iya ƙirga haƙarƙarina ta cikinta. Bayana da tabo, cinyata da tabo, tudun kuwa babu. Ruwan maganin da ya kamata a fara tun gero bai fitar da kai ba, sai bayan an gama girbi aka fara. Kafin nan wata kaluluwa ta fito mini a wuya. Malam ya jinginar da gonar da ya gada. Har yanzu ina zuwa asibiti, wani zuwan a ce da sauƙi, wani zuwan a yi ta rubutu ba a kalle ni ba.

Na yi fushi, fushi mai tsanani. Na yi da likita, na yi da matan dubiya masu baki kamar reza, na yi da marka, na yi da Gwaggo da ta mutu ta bar ni. Na yi da Inna ma, ina kwance a gadon asibiti ina zaginta a zuci, ina neman gafarar Allah, ina sakewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk sanda na nemi in tsani kwanakin nan na makewayi sai in kasa. Ban taɓa jin daɗi irin nasu ba, kuma su ne suka cinye ni.

Ina asibiti Auta ta zo dubiya, take gaya mini wai washegarin ranar da Inna ta koma gida ta kwashe ragowar itacen ta ɗora ganga, ta shiga makewayi ita kaɗai ta daɗe. Wai tun daga ranar take ɗaura zani sama-sama, ba ta ɗaga hannun hagu, in an tambaye ta sai ta ce maruru ne. Ina fama da kaina a lokacin. Na ce, "To wanka ta yi mana, sai me?" Na juya fuska bango.

Inna ba ta ƙara yi wa kowa wankan jego ba. Aka yi ta zuwa biɗarta tana cewa hannunta ke ciwo. Da Auta ta haihu, makwabciya ce ta yi mata, da itacen aro. Ni kuma da na dawo gida, Inna ta koma wa bangonta, har ta fi da. Idan na shigo ɗaki sai ta tuna da wani aiki a waje. Da fushina ya huce na same ta tana tankaɗe, na durƙusa na ce, "Inna, ƙaddara ce. Ni ban riƙe ki da komai ba." Ta ci gaba da kaɗa rariya. Can ta ce da jikanta da ke wasa a gefe, "Ce wa waccan ta tashi daga ƙasa, akwai sanyi."

Ni ake ta yi wa kallon mai tafiya, sai ga shi Inna ce ta riga ni. Bazarar da ta biyo ta kwanta da zazzaɓi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa. Tsohuwar da ke wankan gawa a unguwarmu ta ce a ba ta 'ya ɗaya ta riƙa zuba mata ruwa. Mata suka dubi Auta, don kowa ya san tsakanina da Inna akwai kunya, kuma ga ni ba lafiya ba. Na ce ni ce babba, ni zan shiga.

A makewayin nan ne dai. Aka kawo ruwan zafi a tukunya da na sanyi a bokiti. Na haɗa a ƙwarya na gwada a cikin hannuna. Tsohuwa ta yi bisimilla ta fara, tana wankewa ta ƙarƙashin mayafin da aka rufe Inna da shi, ni ina zubawa. Da ta zo gefen hagu sai hannunta ya tsaya. Ta ɗan ɗaga mayafin ta leƙa.

"Ikon Allah," ta ce. "Wannan tabon fa? Ita da ta fi kowa sanin ruwan zafi?"

Na sunkuya na duba. A kan nononta na hagu ne. Tabon ƙuna, mai kusurwa huɗu, daidai faɗin tawul ɗin nan idan an ninke shi ƙarami. Ya yi zurfi, naman ya tattare ya janye kan nonon gefe. Irin wannan ba ya samuwa da ɗorawa a ɗaga, sai an danne an riƙe. Nata naman kuwa yana ji. Daga baya na tambayi Auta ko ta ji wani sauti a ranar da Inna ta shiga makewayi ita kaɗai, alhali tana zaune a tsakar gida. Ta ce ko tari ba ta ji ba.

An hana mai wankan gawa ta faɗi aibin da ta gani, na sani. Na daɗe ina juya wannan a raina kafin na rubuta, ban ga aibi a ciki ba.

Tsohuwa ta miƙo hannu in zuba mata ruwa. Na duba ƙwaryar, na ƙara na sanyi, na sake gwadawa a hannuna, na kuma ƙarawa. Sannan na ce, "Iya, ɗan matsa. Nan wurin ni zan wanke."